Adireshin da Kaka Ya Raba wa 'Ya'yansa

Tun da nake zuwa zaman makoki ban taɓa ganin wanda masu gaisuwa ke yawan ɗaga kai sama kamar na Kaka ba. Mace za ta shigo da sallama, ta durƙusa gaban Hajiya matarsa, a yi addu'a a shafa, ta ce ya haƙuri, a amsa mata, amma kafin ta miƙe sai ka ga idonta ya tafi kan doguwar eriyar da ke tsakar gida. A ƙofar gida ma, wajen maza, an ce haka aka yi ta yi. 'Yan hatsi na Yankara sun zo mota guda, dillalan shanu na Sheme sun zo, malaman makaranta sun zo da hedimastansu, kuma kowa sai ya saci kallon ƙarfen nan.

Wata tsohuwa daga Sabuwa ta fi mu kuka, mu da muke jininsa. Hajiya ta yi ta ba ta haƙuri har abin ya so ya ba ni dariya, don an rasa wa aka yi wa mutuwar. Da ta lafa ta ce ita sau ɗaya ta taɓa ganinsa, amma ta dalilinsa take ganin fuskar ɗanta da ke ci-rani a Kudu, har ta san ya yi ƙiba. Wani dillali kuma, bayan ya gama addu'arsa tsaf, sai ya rage murya ya ce wa babban ɗan mamacin, "Allah shi jiƙan Baba. To ƙarhen ga hwa, zai ci gaba da aiki?" Na kusa da shi ya zungure shi. Da labarin ya iso ciki mata suka yi ta tir da rashin kararsa. Ni kuwa tambayar da ya yi ita ce ta hana ni cin abinci tun ranar jana'iza, kuma na fi shi sanin dalilin da ya sa ya kamata a yi ta.

Ni ungozoma ce a wani ɗan asibitin sha-ka-tafi da ke wajen Ruwan Godiya. Kaka kuwa ƙanin kakata ne ta wajen uwa, saboda haka akwai wasa tsakaninmu. Yana kirana matarsa mai allura, ni kuma in ce ban ga abin da zan yi da tsohon da ya fi son ƙarfe a kan mutane ba. Mutanen gari Baba mai eriya suke ce masa. Aikin tarho ya yi wa gwamnati tun zamanin waya mai igiya, ya zaga garuruwa, ya yi ritaya ya dawo Faskari. An zaci zai kama noma ya huta, ya kuwa noma masararsa, sai dai a shekarun da tsararrakinsa ke neman jika ya danna musu waya, shi sai ya zauna ya koyi sha'anin intanet daga tushe. Bai ji kunyar tambayar yaran da ya haifa ba. Ya kafa eriya a gidansa, ya kafa wata bisa dutse, a hankali sabis ɗinsa ya kai Kankara, ya kai Sabuwa, yana shiga ƙauyukan da manyan kamfanoni ba su damu da su ba.

Kullum in ya dawo masallaci da safe, kafin ya sha koko, sai ya zauna gaban kwamfutarsa ya ƙwanƙwasa wa eriyoyinsa ɗaya bayan ɗaya, ya ji wadda za ta amsa. Daga tsakar gida za ka ji shi yana ba da rahoto ba wanda ya tambaye shi: Sabuwa ta tashi, Yankara ta tashi, Kankara na barci kamar mai ita. Yana kiwon tantabaru, su kuma ba su da wurin zama sai kan eriya. Duk ranar da sabis ya yi rauni su ne masu laifi, zai fito ya zazzage su da faɗa, ya gama ya watsa musu dawa. Sukudireba ba ta rabuwa da aljihun rigarsa, ko ɗaurin aure za shi, kuma Hajiya ta gaji da ɗinke aljihu har ta sallama.

Akwai wani hali nasa da ban fahimta ba sai da na girma. In tsohuwa ta zo a haɗa ta da ɗanta na nesa, zai zaunar da ita a zaure, ya gyara mata waya, da zarar fuskar ɗan ta fito sai ya tuna yana da aiki a bayan gida. Ba aikin komai. Tsayawa yake yi wajen tantabaru har sai ya ji shiru, domin ya san akwai kukan da uwa ba za ta yi gaban wani namiji ba.

Maganar da ya fi yawan yi ita ce fita ba ta da wuya, a neme ka a same ka ita ce magana. Da farko na ɗauka surutun tsufa ne, sai da ya zaunar da ni ya warware mini. Kowace na'ura da ke kan intanet tana da adireshi, lamba ce. Tsofaffin lambobin sun ƙare a duniya, shi ya sa kamfanoni ke tara gari guda a bayan lamba ɗaya, kamar babban gidan haya mai ƙofa ɗaya da ba a san ɗakin kowa ba. Na ciki zai fita ya sayo abin da yake so ya dawo, amma baƙon da ya zo nemansa daga waje sai ya tsaya a ƙofa ya koma. Sai aka fito da sabon tsarin adireshi mai doguwar lamba, wanda ya isa kowace na'ura ta samu nata. Kaka ya nema wajen hukumar da ke raba adireshi, ya bi duk matakan da suka ce, aka yanka masa yanki guda da sunansa. Ranar da aka ba shi ya sa Hajiya ta yi waina, ya aika wa maƙwabta, su kuma suka ci suka yi barka ba tare da sun san barkar me suke yi ba.

Ni na san ta me ce, domin a lokacin wata ƙungiya ta ba asibitinmu na'urar hoton ciki. Ni ke ɗora ta a cikin mai juna biyu, amma karanta hoton aikin likita ne, kuma likitan da ya yarda ya taimaka mana yana Zariya. Tsarin shi ne ya shigo cikin na'urar daga can, ya ga abin da nake gani a lokacin da nake gani, ya ce in matsa dama ko hagu. In hakan ta yiwu, mace mai tsohon ciki ba sai ta hau babur zuwa Funtua ba, a hanyar da kowa ya san ba kullum take lafiya ba. Abin da ake buƙata kawai shi ne na'urar ta samu adireshin da za a neme ta a same ta, kuma Kaka ya ce in sa a raina an gama.

A nan ne ya yi kuskuren da har ya rasu muna tsokanarsa da shi. 'Ya'yansa uku ne, kuma dukansu suna cikin sana'ar. Kawu Babba yana tare da shi a Faskari, Kawu Ƙarami ke riƙe da eriyar Kankara, Inna kuma tana aure a Sabuwa, ita da mijinta ke kula da ta can. Kaka mutum ne da ko tsire ya sayo sai ya kasa shi daidai, kada wani ya kwana da tunanin an fi son wani. Da yankin adireshi ya shigo hannunsa sai ya tara su, ya ce abin arziki ya samu kuma ba zai jira sai ya mutu a raba ba. Lissafin na'ura ba ya raba uku cif, saboda haka ya yanka huɗu, ya ba kowa ɗaya, har Inna daidai da maza tunda kyauta ce ba gado ba, na huɗun ya ce na ajiya ne. Kowannensu yana da kamfanin da yake sayen layi a wajensa, kowa ya je ya ce wa nasa ya yi wa duniya shela cewa wannan kason ta wajena ake zuwa masa. Aka yi addu'a aka watse kowa na murna.

Ba wanda ya ga wata matsala, domin wayoyin mutane sun ci gaba da aiki da tsohon adireshi. Ni kaɗai na shiga uku. In likita ya gwada da layin gidansa sai ya shigo, in ya gwada daga wurin aikinsa, inda yake a ranakun awo, sai shiru kamar ba mu a duniya. Na zargi na'ura, likita ya fara zargin ni ce ban iya ba, ni kuma na rasa wanda zan kama. Rannan wata mata ta zo da ciwon mara, cikinta ya tsufa, ana tsakiyar damina. Na yi ta kira, likita na ta gwadawa, har na haƙura na tura ta Funtua a bayan babur. Ta dawo lafiya, ba wani abu ba ne, amma da na ga yadda ta sauko tana dafa bango, jikinta duk taɓo, sai raina ya ɓaci. Na wuce Faskari ban ko cire farar riga ba, na ce wa Kaka in adireshin nasa na ado ne ya faɗa mini in san inda dare ya yi mini. Bai yi mini wasa ba ranar.

Ya yi ta faɗa da kamfani ta waya, yana cewa suna danne ƙananan mutane. Da ya ga faɗan waya bai isa ba sai ya saka babbar riga ya tafi ofishinsu a Kaduna. Wani matashin injiniya, sa'an jikokinsa, ya tarbe shi, ya ba shi kujera da ruwa, ya bar shi ya gama zazzaga, sannan ya buɗe masa abin a kan kwamfuta. Kowane babban kamfani yana tace shelar da ke zuwa masa, ba ya karɓar yankin da ya gaza wani girma, domin in aka ce kowa ya shelanta ɗan guntunsa, na'urorin da ke riƙe hanyoyin duniya za su cika su kasa. Yankin da aka ba Kaka, a dunƙulensa, shi ne daidai mafi ƙanƙantar abin da ake karɓa. Da ya yanka shi huɗu, kamfanin da ke hulɗa da shi ya ɗauka don kara, amma maƙwabtan kamfanin duk suka zubar. Shi ya sa mai layi irin namu ke samunmu, sauran duniya kuwa ba su san da mu ba.

Ya dawo jiki a sanyaye. Ya zauna a tabarma ya cire hula, ya ce, "Yaron ga ya hi ni gaskiya. Mai tirela ba ya loda tiya-tiya, buhu yake ɗauka. Ni na kwance buhuna da hannuna." Abin da ya fi ba shi haushi shi ne ya taɓa karanta wannan ƙa'ida, ya san ta. Hajiya ta ce ai ba mamaki, ranar rabon uba ne ya zauna a tabarma, injiniyan da ke cikinsa yana can wajen tantabaru.

Maganin a fili yake. A haɗe yankin ya koma ɗaya, a yi shela ɗaya, a bi ta ƙofa ɗaya, sannan a cikin gida eriya ta miƙa wa eriya kowa ya samu nasa. Amma hakan na nufin ya karɓe abin da ya bayar, kuma a wurinmu dattijo ba ya kyauta ya dawo ya ce a ba shi. Ya yi kwanaki yana juya tuwo a kwano. Hajiya ce ta samo masa mafita, ta ce wa ya ce ka karɓa, ka ce su ara maka. Kawu Babba ya yarda nan take, tunda ƙofar a gidan da yake za ta zauna. Inna ta ce ko kyauta ne ta mayar. Kawu Ƙarami ne ya noƙe. Kowa ya san dalili. Yayansa mutumin kirki ne amma bakinsa da kaifi, har gobe yana yi masa magana kamar ɗan da aka aika sayen gishiri, ko a gaban surukai, kuma don ya huta da wannan ne ya koma Kankara. Daga ƙarshe sai ya ce, "Baba, kai na ara mawa, ba wani ba. Iya rayuwarka." Kaka ya yi dariya ya ce to sai ya dage da yi masa addu'ar tsawon rai.

Aka haɗe, aka yi shela ɗaya, likita ya shigo daga wurin aikinsa kamar yana ɗakin. Shekarun da suka biyo baya su ne mafi daɗi a aikina, ba na ɓoyewa. Mata suka sa wa na'urar suna madubi. An gano masu tagwaye da wuri, an gano waɗanda ɗan ya kwanta a gicciye aka tura su babban asibiti da rana tsaka, cikin shiri, sauran kuma suka haihu a gabana suka koma gida da ƙafarsu. Ranar awo Kaka kan hau babur ɗinsa ya zo ya zauna ƙarƙashin darbejiyar ƙofar asibiti da ƙullin gyaɗa. Ba ya shiga, wurin mata ne. In na leƙo sai ya ɗaga gira, in ce an gani, ya gyaɗa kai ya ci gaba da ɓare gyaɗarsa. Na sha ce masa mijin da ke gadin matarsa a wurin aiki kishi ke damunsa, ya ce shi na'urarsa yake gadi, ni wa zai sace.

Ciwonsa bai yi tsawo ba. Da na ga jikin yana ja baya na same shi shi kaɗai, na roƙe shi ya kira Kawu Ƙarami ya sa shi ya yi alkawarin barin aron. Na san in ya nema a wannan halin ba za a hana shi ba. Ya ƙi. Ya ce ya riga ya roƙi yaron sau ɗaya, kuma abin da aka ba mai jinya don tausayi ba da zuciya ɗaya aka ba shi ba, zai zama igiya a wuyan ɗansa har abada. Na ji haushinsa ƙwarai a ranar, na fita ban yi masa sallama ba, na dawo da yamma na ba shi kunu a baki. Ya rasu lokacin girbin masara, bayan la'asar, Hajiya na gefensa.

Bayan sadakar bakwai aka zauna rabon gado a zaure. Ni ba magajiya ba ce, ba ni da bakin magana, ina daga bayan ƙofa tare da Hajiya muna ji. Malamin da ya zo ya raba gida da gona da tumaki ba gardama. Da aka zo kan adireshi aka yi masa bayani, sai ya ce wannan ba gado ba ne, kyauta ce da ta riga ta tabbata, aro kuma ya ƙare da ran mai aro, kowa abinsa na hannunsa. Gabana ya faɗi duk da na san haka zai ce.

Kawu Ƙarami ya yi magana a hankali. Ya ce ya san abin da zai faru in ya zare kasonsa, ya san da asibiti, kuma ba ya nufin kowa da sharri. Amma ya yi shekaru yana bi ta ƙofar Faskari don mahaifinsa ne ke zaune a bakinta. Yanzu in sabis ya ɗauke a Kankara, Yaya zai kira, ya tsaya a yi masa faɗa kafin a gyara, kuma shi ya gaji, ya kusa aurar da ɗiya. Bai ɗaga murya ba, kuma duk wanda ke wurin ya san bai yi ƙarya ba. Inna ta fara sharar hawaye. Na jira Kawu Babba ya fashe, don haka ya saba.

Malam ya fara tattara allonsa na lissafi. Sannan Kawu Babba ya yi gyaran murya ya tambayi ƙanin nasa, tambaya ta aiki, ko dole ne ƙofar ta zauna a Faskari. Kawu Ƙarami ya ce ba dole ba ne, ko'ina ta zauna daidai ne, in dai ɗaya ce.

"To a maida ta Kankara," in ji Kawu Babba. "Kai ka riƙe. Ni in biyo ta gidanka."

Hajiya ta damƙe hannuna har ya yi zafi. Babban wa ya ce zai bi ta ƙofar ƙaninsa, a gaban malami da dattawan unguwa, ba ƙaramin abu ba ne a wajenmu, kuma ba wanda ya san nauyinsa kamar wanda aka faɗa wa. Kawu Ƙarami ya dubi yayansa. Cewa ya yi sai an canza eriyar kan dutse, ta yanzu ba za ta ɗauki nauyin ba, yayansa ya ce a canza. Iyakar abin da suka ce ke nan, malam ya yi fatiha.

Sauyin ya ɗauki lokaci, domin sai da aka sanar da hukuma cewa yanzu kamfanin Kankara ne ke da izinin yin shelar, in ba haka ba manyan kamfanoni za su ɗauka shelar ta marar izini ce su sake zubar da mu. Ranar da aka juya ƙofar zuwa Kankara ta faɗo ranar awo. Mata sun cika benci, ta farko na kwance, wata ce daga rugar da ke bayan gari, cikin fari, sai zare ido take. Na shafa mata man hoto a ciki, na ɗora na'ura, na kira likita. Ya ce in dakata yana gwadawa. Na tsaya ina kallon bango. Can sai na ji ya ce in ɗan matsa hagu, kan yana ƙasa, komai lafiya.

Yarinyar ta ɗago ta tambaye ni wa ke magana. Na ce likita ne daga Zariya, yana ganin ɗanta. Ta ce ta ina ya biyo, na ce ta Kankara.

"Zariya zuwa nan ta Kankara?" ta ce. "Bawan Allah ya sha zagaye. Ki yi mashi sannu da hanya."

Na yi dariya har na zauna a bakin gado, daga nan dariyar ta juye ta zama kukan da ban samu yi ba tun ranar da aka fita da gawar Kaka. Ita ta rasa laifin da ta yi, ta shiga ba ni haƙuri. Allah ya gafarta maka, Kaka, ya yalwata maka makwanci, ya saka maka da abin da ya fi wanda ka yi mana, ya kuma bar 'ya'yanka a haɗe. Na share fuska da gefen hijabi, na goge mata ciki, na leƙa waje na ce ta gaba ta shigo.